Gashin Oshika da Kififfiyar Ƙarfe

Duk wanda ya ce muku Oshika mace ce mai haƙuri, ku tambaye shi ko ya taɓa zama maƙwabcinta. Ni na zauna. Bangon katako ɗaya ne tsakaninmu tun muna amare har haƙoranmu suka zube, kuma bangon nan don sirantaka, in ta yi atishawa ni ke share hanci.

A nan Yokohama aka haife ta, tun garin yana 'yan bukkokin masunta da ƙarnin kifi, kafin Turawa su zo su cika bakin ruwa da benaye. Ba ta da kyan da za a waiwaya. Hanci kamar an danna shi da babban yatsa, murya kamar ana jan kwalekwale a kan tsakuwa. Amma gashi! In za ta wanke shi sai ta hau kan akwati, in ba haka ba ya share ƙasa. Baƙi wuluk, miƙaƙƙe, kullum yana ƙamshin man gashi na furen tsubaki. Gashin nan ne ya auro mata Kumezo masassaƙin jirage, mutumin da in ya yi magana biyu a yini sai mu ce yau ya cika surutu.

Kowa dai ya sani jirgi ba ya shiga ruwa ba kurwa. In an gama sassaƙa, masassaƙi zai kori kowa daga wurin, ya fafe ɗan rami a gindin ginshiƙin da ake ɗaura filafilai, ya sa ƙunshi a ciki ya toshe. A ƙunshin akwai 'yan tsana biyu na takarda, mace da namiji, da ƙwayar caca biyu, da ɗan hatsi, sai tufkar gashin macen da mijinta yake raye. Daga ranar nan macen tana cikin jirgin, ita ke tsaronsa, ita ke komo da shi gida.

Tun da suka yi aure Kumezo bai taɓa sa gashin wata ba sai na Oshika. A bayan kunnenta na hagu yake yanka, a karkace, yadda ba za a gani ba in ta ɗaure. Ni kuwa a bakin ruwa nake sayar da taliya da romo, sai ta zo ta zauna a bencina, ba ta saye, ta riƙa nuna jirage da tsinken cin abinci.

"Osugi, kin ga wancan mai jan filafili? Ni ce. Na bayansa ma ni ce. Rabin tekun nan ni ce."

"To ke rabin teku, matsa ki ba masu saye wuri."

Ɗa ɗaya gare su, Sadakichi, ya girma ya shiga aikin jiragen yaƙi na Shogun, shugaban mayaƙan da ke riƙe da mulkin ƙasar. Shi dai wuƙarsa da kwanonsa kawai ya ɗauka, amma uwar sai da ta ɗinka masa silin gashi a wuyan riga.

Sai yaƙi ya tashi tsakanin mutanen Shogun na Edo da mutanen Sarki na Kyoto. A bazarar shekarar nan wani jirgi ya shigo tasharmu wanda ba mu taɓa ganin irinsa ba. Baƙi ne, ya nutse ƙasa-ƙasa, jikinsa duk ƙarfe, da wani dogon hanci a gaba na tunkuyin jirage. Yara suka sa mata suna Kififfiya, wato kunkurun ruwa, sunan ya bi ta. Shogun ne ya saye ta daga Amurkawa tun kafin yaƙi, ta kuma shigo da tutar ƙasarmu a kanta. Ana cewa Sadakichi yana cikin waɗanda za a ba ta. Oshika ta sa rigar biki ta zo kallo.

Muna tsaye aka sauke tutarmu, aka ɗaga ta Amurkawa.

Wai su 'yan ba-ruwanmu ne. Wai ba su san wane ne mai ƙasar ba yanzu, saboda haka ba za su ba kowa ba har ƙura ta lafa. Mutanen Shogun suka zo da takubba biyu-biyu suka roƙa, aka ba su shayi. Mutanen Sarki suka zo su ma, aka ba su shayin da ya rage. Kififfiya ta yi zamanta a tsakiyar ruwa tana tara gansakuka, kowa yana kallonta yana haɗiyar miyau. Ni dai na sayar wa ɓangarorin biyu taliya, har mijina ya ce ni ma in nemi tuta.

Da ruwa ya fara cin katakon samanta, Amurkawan suka nemi masassaƙa. Aka kai Kumezo. Ranar da ya dawo, mutumin nan da ba ya magana ya zauna a bencina ya ƙi yin shiru.

"Ƙarfen nan riga ce kawai," in ji shi. "A ciki itace ne. Ku ga haƙarƙarinta! Na shafa tun daga gaba har baya, ko tsinin allura ba zai shiga tsakaninsu ba."

Oshika ta ajiye kwanon shayi. "Ka shafa."

"Ƙugunta kuwa, yadda aka lanƙwasa shi..."

"Baban Sada, tun da ka aure ni ka taɓa sanin haƙarƙarina nawa ne? Osugi, kin ji tsohon banza? Ya samu ƙugu!"

"Ƙyale shi," na ce. "Ita dai ba ta mayar da magana, dole ya so ta."

Haka aka shiga. Ya fita da sassafe, ya dawo yana warin kwalta, yana murmushi shi kaɗai. Ya kawo labari cewa a Faransa aka ƙera ta, don wani yaƙin 'yan gida ɗaya na Amurkawan su kansu. Can ma wai an hana masu ita, an sayar wa wasu, su ma sun mayar, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ba ta taɓa yin yaƙin kowa ba. Oshika ta ce ai dama ta ga alama, mai yawon gidaje ce. In ya yi tari ta ce ƙarfe ne ya sa masa sanyi, ya je Kififfiya ta dafa masa magani. In ya nemi ƙarin shinkafa ta ce can ba a ba shi ne?

Da kaka, jiragen Shogun da suka rage suka sulale suka yi arewa, Sadakichi yana ciki. Ba a daɗe ba Kumezo ya zo bencina fuska a murtuke.

"Ba ta da kurwa," ya ce. "Na duba gindin ginshiƙan nan biyu. Ko tsinke babu. Mutanen nan sun ƙera jirgi kamar wannan, suka tura ta ruwa fanko. Shi ya sa ba ta da gida."

Ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi. Shi dai ba zai iya barci ba yana sane da jirgi ba kurwa. Oshika kuwa tana jin haka sai ta canza baki ɗaya. Kififfiya ta tashi daga mai yawon gidaje ta zama marainiya. Ta sayo sabon man tsubaki, ta wanke gashi da ruwan shinkafa, ta riƙa zama a inda haske zai faɗa masa.

"Shogun ya saye ta, wurin mutanensa za ta," ta ce mini. "In na shiga cikinta, ni zan kai ta wurin ɗana. Kuma ki faɗa mini, wace mace ce a ƙasar nan ta taɓa shiga jirgin ƙarfe?"

Ta jira ya ɗauko almakashi. Bai ɗauko ba. Ta riƙa juya masa kunnen hagu a wurin cin abinci har wuyanta ya ƙage, shi kuwa yana kallon kwanonsa.

A gidan wanka asiri ya tonu. Akwai wata Omon, matar mai gawayi, yarinya ce a kanmu, shiru-shiru, gashinta ja-ja ne mai karyewa kamar gashin masara, duk unguwa ana tsokanarta da shi. Ta sunkuya za ta ɗebi ruwa, sai ga gurbi a bayan kunnenta na hagu, an yanka a karkace.

Oshika ta daskare da soso a hannu.

"Ke matar mai gawayi. Wa ya yi miki aski?"

"Yaya, ai... a gaban mijina aka yi. Shi ya ba da izini."

"Ban tambayi mijinki ba. Wannan hannun na san shi. Wannan abin da ke kanki har gashi ne? Akuyarmu ta fi ki!"

"Ba ku da akuya, Oshika," na ce.

"In da muna da ita!"

Abin da ya biyo baya na ji shi ta bango, ni da duk layinmu.

"Me na rasa? Furfura ka gani? Nuna mini ita!"

"Uwar Sada, wannan ba naki ba ne."

"Na kwalekwalen kama ƙaguwa nawa ne, na jirgin kwasar taki nawa ne, amma da babba ya zo sai gashin masara? Ka taɓa kanta! Ka ɗaga mata kunne da yatsan nan naka!"

"Ba naki ba ne," ya sake cewa. Ta fasa tukunya, ta fasa ta biyu, ta uku ta tuna aro ce daga wurina ta ajiye.

Washegari da rana ya tafi wasa kayan aikinsa. Ina yanka albasa na ji ƙaurin gashi ta bango, na leƙa. Ta buɗe akwatin aikinsa, ta kwance ƙunshin, jan gashin yana ƙonewa a murhu. Ta yanki nata da kanta, mai kauri, ta naɗe ta mayar, tana ƙoƙarin kwaikwayon ƙullinsa da harshe a waje.

"In kika faɗa, sai na zuba miki toka a romo."

"Ni 'yar ba-ruwanmu ce," na ce. "Ki dai buɗe taga."

Bayan kwana kaɗan Kumezo ya dawo daga jirgi ya ce ya gama, ya sa mata kurwa. Oshika ta yi masa girki irin na ranar biki, tana ta fara'a, shi yana kallonta kawai. Omon kuwa duk lokacin sanyin nan ba ta cire ɗankwali ba, ko a gidan wanka. Na ce kunya ce ke damunta.

Sanyi bai ƙare ba Amurkawa suka gano wanda yake da ƙasar. Ba wuya, sun duba wanda ya ci ne. Aka sauke tutarsu, mutanen Sarki suka hau. Da ƙanƙara ta narke a arewa, Kififfiya ta hura wuta ta fita, ta nufi Hakodate, inda Sadakichi yake.

Muna bakin ruwa mu uku muna kallon hayaƙinta. Oshika ta kama hannun rigar mijinta.

"Ka sani," ta ce. "Tun can ka sani."

"Mai dafa wa Amurkawan abinci ya gaya mini tun da kaka. Masu nasara za su ba. Ya zan sa uwa a jirgin da zai harbi ɗanta? Kuma ya zan gaya miki su Sada sun riga sun faɗi?"

Ta zauna a ƙasa cikin ɓawon kifi. Tun da nake da ita ban taɓa jin muryarta ƙasa-ƙasa ba sai ran nan.

"Baban Sada, na musanya. Nawa ne a ciki."

Ya buɗe baki. "Oshika, ai ni..."

"A'a, tsaya." Ta share fuska da bayan hannu. "Gara haka. Ita waccan me ya dame ta da ɗana? Ko fuskarsa ba ta riƙe ba. Nawa ya san shi. Ya goya shi, ya sha ja a hannunsa. Ba zai bari ba. Ko ba haka ba? Ka ce haka ne."

Kumezo ya daɗe yana kallonta. Sai ya rufe bakinsa, ya gyaɗa kai.

Da wannan ta rayu har aka gama yaƙin, da wannan ta rayu watannin da ba labari. Ta daina shafa mai, ta daina faɗa, layinmu ya yi shiru har ya ba ni tsoro. Sai da shekara ta juyo aka sako waɗanda aka kama, Sadakichi ya shigo gida a rame, kunnensa ɗaya ya mutu. Ya ce harsashin babbar igwar Kififfiya ya faso jirginsu, ya ɗauke na damansa, ya ɗauke na hagunsa, shi ya bar shi a tsaye.

Oshika ba ta ko gama rungumarsa ba ta fita ba takalmi, sai shagon gawayi.

"Omon! Fito ki ji! Ya gan shi ya kauce! Da gashin masara ne a ciki da yanzu ina zaman makoki!"

Omon ta sunkuyar da kai. "Barka, Yaya. Barka da arziki."

Shekara sama da ashirin muna shan labarin nan. Duk baƙon da ya zauna a bencina sai ya ji shi kafin taliyarsa ta huce. In Kififfiya ta shigo tasha, Oshika ta sa rigar biki ta je ta tsaya tana gyara ɗaurin kai, wai tana gaisawa da kanta. In an ce jirgin ya je yaƙi kudu, ta ce ta gaji, jiya ba ta runtsa ba, tana can tana aiki. Omon in tana wurin sai ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da auna gawayi. Murmushin nan ya sha ba ni haushi, ban san dalili ba.

Kumezo ya tsufa. Aikinsa na ƙarshe gangar katakon da za a binne shi a zaune a cikinta ce, yadda muke binne namu, ya ƙi yarda mai ganga ya yi masa. Ya haɗa ta da itacen jirgi, ya toshe ta da kwalta kamar za ta ƙetare teku, ya ce jirginsa ne. Ranar da ya gama har korar mu ya yi daga shagonsa ya ja ƙofa, muka yi ta dariya muna cewa tsufa ya taɓa shi. Da sanyin shekarar ya tafi, aka zaunar da shi a ciki, aka kai shi kan tudun haikali.

Bayan 'yan shekaru aka ce Kififfiya ta ruɓe, an sayar da ita ga masu fasa jirage. Oshika ta ɗaura ɗamara.

"Zan karɓo kayana. Ba za a sayar da ni da tsohon ƙarfe ba. Tashi mu je. Ki kira matar mai gawayi ma, ta zo ta gani da idonta."

Omon ta ce ƙafarta na ciwo. Oshika ta ce za ta goya ta. Haka muka je mu uku, tsofaffi, muna dogara sanda. Shugaban masu fasawar ɗan masunta ne, bai yi mana dariya ba. Ya sa aka duba gindin ginshiƙin gaba, aka samu toshiyar, irin aikin Kumezo, sai da aka sa kurfi aka ɓalle ta. Ya miƙo ƙunshin da hannu biyu.

Oshika ta kwance shi a hankali tana kallon Omon. Ga 'yan tsana sun yi baƙi. Ga ƙwayar caca. Ga tufkar gashi, ja-ja, siririya, duk ta kakkarye.

"Gishirin teku ne," in ji Oshika. "Yakan canza launi."

 Ta kai shi hanci. Ta ja sili ɗaya, ya tsinke tun bai kai tsawon hannu ba.

"Na ƙona shi," ta ce. "Da hannuna na ƙona shi. Osugi, ba ki ji ƙauri ba?"

"Har a romona."

"Ya dawo ne, Yaya," in ji Omon. "A ranar. Ya ce yana buɗe akwati ya ji man tsubaki, kuma ƙullin ba nasa ba ne. Sai ya yanki na dama." Ta ɗaga ɗankwali ta nuna bayan ɗaya kunnen, kamar gurbin yana nan har yanzu.

Na zaci zancen ɗanta za ta yi, ko na shekarun da ta yi tana cika baki. Ina! Oshika ce fa.

"Sau biyu? Sau biyu ya taɓa kanki?"

"A gaban mijina, Yaya."

"Ki bar kawo mini mijinki! Munafuka, kina auna gawayi kina yi mini dariya! To nawa fa? Ina ya kai nawa? Ya zubar a kwata?"

"Na tambaye shi. Ya ce naki ba na yaƙi ba ne. Ya ce ya ajiye shi don nasa jirgin."

"Wane nasa? Bai taɓa mallakar ko..."

Sai ta tsaya. Ni ma na tuna ƙofar shagon nan da aka ja.

Muka fito titi. Daga nan ta miƙe sai tudun haikali, da ƙafafun nan nata, mu muna binta muna haki. Ta tsaya a gaban dutsen kabarinsa ta riƙe ƙugu.

"Sannu, Baban Sada. Sannu da wayo. Ita ka kai ta Hakodate, ka kai ta kudu, ta ga duniya, an buga mata igwa, manyan sojoji suna sara mata. Ni kuwa ka cusa ni a ganga ina gadin tsoho! Ko motsi gangar ba ta yi!"

Ta yi ta yi har muryarta ta dushe. Sannan ta ciro 'yar kwalbar man tsubaki daga ɗamararta, ta zuba a tafin hannu, ta shafe dutsen tun daga sama har ƙasa, tana mita.

Omon ta matso za ta taya ta.

"Kul! Kin taɓa jirgi, ya ishe ki."

Gashin ma ba ta mayar mata ba. Ta ce abin da hannunsa ya naɗe ba zai kwana a gidan mai gawayi ba, kuma ba zai kwana a nata ba. Ni aka bar wa, ni 'yar ba-ruwanmu. Sadakichi da ya ji labari ya kai wa Omon kifi babba na godiya, uwarsa ta yi wata guda ba ta yi masa magana ta kunnen da yake ji ba.

Bara Oshika ta rasu, gashin ya yi fari fat amma har lokacin yana taɓa ƙasa. Da ta ga abin ya zo, ta kira ni ta bango, ba ta ko bari na zagayo ba.

"Osugi, a manna gangata da tasa, kar a bar ko tsinin allura a tsakani. In matar mai gawayi ta mutu kuwa, a kai ta bayan tudu."

"In ta ƙi fa?"

"Ki gaya mata ta yi yawonta ya isa."